In an maido muku da labari, kada ku yaga shi

Ƴan uwa marubuta, barkanku da war haka. Na ga wata ƙanwarmu ta ce za ta ajiye alƙalami saboda an ce labarinta ba shi da armashi. Abin ya taɓa ni, don ni ma nan Tawa an taɓa maido mini da nawa har sau 3.

Ƙanwata, ga abin da ya taimake ni. Ajiye rubutun sati 2, kada ki ko leƙa shi. Ranar da kika ɗauko, karanta shi da babbar murya, ko ki ɗauki muryarki a waya ki saurara. Duk inda numfashinki ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda kika ji kina son tsallakewa, mai karatu ma zai tsallake, sai ki cire.

Maganar taurarin labari ce ta fi wahalar da ni. Da, kowa a labarina yana magana da Hausar littafi, tsohuwa da ɗan kabu-kabu bakinsu ɗaya. Sai na fara zama kasuwa da fadar shayi ina kasa kunne. Ba'adare "shina tahowa" yake cewa, yana cewa "mi" da "hwaɗi". Da na bar tsohuwar ta yi Adarancinta, sai ta zama mutum.

Kuma don Allah kowane babi ki tura wa kanki ta imel. Wayata ta taɓa faɗawa ruwa da babi 9 a ciki, sai da na sake su daga farko.