Kurakuran da masu ɗaukar hoto ke yi wajen sayen jakar tafiya

Yawancinmu sai mun gama zuba kuɗi a kyamara da idanunta (wato lens) da kwamfutar tafi-da-gidanka sannan muke tunawa da jaka, lokacin aljihu ya riga ya yi sanyi. Sai a shiga kasuwa a ɗauko wadda ta fi kyan gani. Ni ma haka na yi da farko. Wata shekara na je Katsina ɗaukar hawan Sallah, na sauko daga mota na dire jakata a ƙasa kamar yadda kowa ke yi. Da daddare na buɗe kwamfuta zan kwashe hotuna, sai ga allonta ya tsage daga kusurwa guda. Laifin aljihun jakar ne: ya sauka har gindi, don haka duk direwa kwamfutar ce ke fara cin ƙasa.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Jaka ta ƙwarai aljihun kwamfutarta a rataye yake, akwai tazarar kamar yatsa biyu tsakaninsa da gindin jakar. Kafin ka biya, zura hannunka ciki, ka tallafi gindin da ɗaya hannun. Idan ka ji yatsunka sun haɗu ba wani soso a tsakani, ajiye ta. Haka kuma kada rubutun inci 15.6 ya ruɗe ka, domin awon allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗin jikin na'urar ba. Tsofaffin kwamfutoci sun fi kauri, wasu ba sa shiga sam. Tafi shago da taka ka gwada, ka rufe zif ka gani.

Sai batun nauyi, wanda ba a tuna shi sai a gaban sikelin filin jirgi. Kamfanonin jirage da yawa kilo 7 ko 8 suke yarda a shiga da shi a hannu, girman jakar kuma wajen santimita 55 da 40 da 23, ko da yake kowane kamfani da nasa. Yi lissafi: dogon ido irin 70-200 na f/2.8 ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kwamfuta wajen kilo biyu, ga jikin kyamara, ga caja. Idan jakar ita kanta kilo uku ce ko huɗu, kamar yawancin masu taya, ka riga ka ƙetare iyaka. Abin da zai biyo baya shi ne a ce ka miƙa ta a tura cikin manyan kaya, inda ake jifa da akwatuna. Auna jakar tana wofi tun a shago.

A nan ne kuma batir ke shigowa. Baturan lithium da ba sa cikin na'ura, har da fawa bank, ba a yarda a tura su cikin manyan kaya ba, dole su kasance tare da kai. Wanda bai wuce 100Wh ba (Wh shi ne awon yawan wutar da batir ke ɗauka) babu matsala, kuma na kyamarori irin namu bai cika kai 20Wh ba. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, guda biyu kawai. Nemi jaka mai ƙaramin aljihu da za ka jera su daban-daban, kada bakinsu ya taɓa makulli ko wani ƙarfe.

Cikin jakar ma ana sakaci da shi. Sosan da ke raba ɗakuna a matse su yadda idan ka girgiza ba za ka ji motsi ba, kaya masu nauyi kuma su kasance daf da bayanka. Mai yini a ƙafa ya nemi wadda take da ɗamarar ƙugu, ita ke sauke wa kafaɗa wahala.

Yanayinmu ba ya raga wa kayan aiki. Da hunturu ƙura ta zif take shiga, don haka duba mai murfi a kansa. Da damina kuwa ba ruwan sama kaɗai ake tsoro ba. Na ga ido mai tsada da fumfuna ta yi wa saƙa daga ciki, saboda mai shi ya rufe shi a jaka mai danshi makonni. Idan ka dawo gida fito da komai ya sha iska, ka zuba 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Game da jaka mai ƙaton tambarin Canon ko Nikon, tallar kayanka kake yi wa ɓarayin tasha. Na fi son mai buɗewa ta gefen da ke manne da baya, wadda ba mai iya zuge ta cikin cunkoso. Idan kuma yaran mota suka ce kawo a sa a but, ka ce musu a cinya za ka riƙe ta, ko da sai ka biya kuɗin kujera biyu.