Kafin ki biya kuɗin ajin kasuwanci a waya

Shekara 6 ke nan ina sayar da turaren wuta da humra daga ɗakina a Kano, kuma yawancin cinikina ta WhatsApp yake zuwa. Da wuya mako ya wuce ba a jefa ni cikin sabon gurup na masu koyar da kasuwanci ba. Wasu na ƙaru da su sosai. Amma na taɓa biyan naira 15,000 kuɗin ajin kwana 3, na fito ba abin da na riƙe sai "ki dage da talla". Tun ranar nake tankaɗe kowace shawara kafin in ɗauka.

Tambayata ta farko: mai ba da shawarar nan, da me take cin abinci? In tana da haja, ki nemi ganin hajar da masu sayenta. In kuwa ba abin da take sayarwa sai ajin kansa, to ke ce kasuwarta, 'yar'uwa. Hoton alat kada ya ruɗe ki. Ana haɗa na bogi, kuma ko na gaske ne, kuɗin da suka shigo ya nuna, bai nuna riba ba.

Nan nake ɗaukar biro. In an ce za ki ninka jarinki a wata, rubuta uwar kuɗi, ki ɗora kuɗin adaidaita zuwa kasuwa da dawowa, kwalabe, leda, data, da na ɗan aike ko motar tasha. Sai ki tambaye ta abu biyu: yaya take yi da kwantai, yaya take karɓo bashi a wurin 'yan'uwa da maƙwabta? Wadda ta taɓa zama da kaya wata biyu ba su motsa ba, amsarta za ta fito da ɗaci da dalla-dalla. Wadda ta haddace daga bidiyon 'yan Amurka za ta kauce, domin can da kati ake biya kafin kaya su bar gida, ba mai cewa "sai albashi ya shigo".

Wanda ya ce ribarki tana cikin kawo mutum 3, su ma kowa ya kawo 3, ki bar wurin. Ki lissafa da kanki: 3, 9, 27, 81, a hawa na goma ana neman mutum 59,049. MMM, wani tsarin zuba kuɗi na kawo-mutum irin wannan, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. CBEX, wata manhajar zuba kuɗi makamanciyarta, ta durƙushe a Afrilu 2025 da kuɗin jama'a. Abin da ya fi ci mini rai, dangi da ƙawayen da suka yarda da ke su ake sa ki fara jawowa.

In an nuna miki takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, duba sunan kamfanin a shafin hukumar, kyauta ne. Sai dai rajistar ba izinin karɓar kuɗin zuba jari ba ce, wannan hurumin SEC ne, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari. Man shafawa ko abin sha da aka ce ki saro, nemi lambar NAFDAC.

Shawarar da ta tsallake duk wannan, ina gwada ta da kwalba 10 tsawon mako 2, in rubuta abin da ya fita a littafina, kafin in taɓa sauran jarin.