Kurakuran da ake yi idan nauyin aiki ya fara cin rai

Kuskuren da ya fi yawa a wuraren aiki shi ne ɗaukar kowace gajiya a matsayin ta jiki, wadda barcin dare ɗaya zai kawar. Akwai gajiyar da barci ba ya tafiya da ita. Mutum yakan tashi da safe yana jin nauyin fita aiki, mutanen da yake yi wa hidima su gundure shi, aikin da ya saba gamawa cikin awa ɗaya kuma ya koma cin masa wuni. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan yanayi a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a magance shi ba. Don haka gyara yana farawa ne daga aikin kansa. Ma'aikaci ya zauna ya rubuta abubuwan da ke kansa, ya ware wanda ke cikin aikinsa da wanda aka ɗora masa saboda ba ya iya cewa a'a, sannan ya kai wa shugabansa takardar domin a zaɓi abin da za a gabatar.

Kuskure na gaba shi ne rufe gajiya da abin da ke hana barci. Goro da shayi mai kauri da Nescafe duk suna ɗauke da sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci, wanda kusan rabinsa yake nan a jiki bayan awa 5 da sha, wato abin da aka sha bayan la'asar yana nan yana aiki har bayan isha. Mutum ya kasa barci, gari ya waye ya ƙara sha, haka abin ke ta zagayawa. Mafi muni shi ne tiramadol, wanda wasu direbobi da leburori ke sha domin su jure aiki, har jiki ya saba ya kasa motsi sai da shi. Gyaran mai sauƙin faɗa ne ko da yake yana da wuyar yi: a daina shan abin da ke da sinadarin kafin tun bayan azahar, a nemi barcin awa 7, wanda kuma ya riga ya saba da ƙwaya ya je wurin likita, kada ya yanke ta kai tsaye shi kaɗai.

Shugabanni ma suna da nasu laifin. Saƙon aiki a zauren WhatsApp da ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana hana ma'aikaci hutawa ko da bai amsa ba, kuma yabon wanda bai taɓa tafiya hutun shekara ba yana koya wa sauran cewa hutu lalaci ne.

Kuskuren da na fi ganin illarsa shi ne yin shiru don tsoron kada a ce mutum ya taɓu. Haƙuri da addu'a ba su hana zuwa asibiti idan hawan jini ne, to haka ma ciwon damuwa. Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako 2 ba su lafa ba, lokacin ganin likita ya yi, wanda kuma ya fara tunanin kashe kansa kada ya jira ko kwana ɗaya. A Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare masu wannan lalura daga wariya, har a wurin aiki.