Kurakuran da sabon mai babur ya fi yi wajen zaɓen hular kwano

Watan jiya ɗan yayana ya sayi babur ɗinsa na farko, Boxer ja, ya turo shi ƙofar gidanmu a Yelwa, nan Garwa, don in sa masa albarka. Babur lafiya lau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ke kansa: hular kwano baƙa ƙirin, mai gilashi mai duhu, sai sheƙi take yi. Na ce ya cire ya miƙo mini. Da na sa tafukan hannuna biyu na matse gefunanta, sai ta lotsa kamar robar wanki. Na leƙa ciki, babu komai sai ƙyalle da ɗan soso mai laushi irin na tsohuwar katifa. Ya ce, "Baffa, ai kyauta mai shagon ya ɗora mini a kan babur ɗin." Na ce masa gobe da safe ya zo mu koma kasuwa.

Na daɗe ina hawa babur a garin nan, kuma na je gaisuwar rasuwa da dubiyar asibiti da ba na son tunawa. Kurakuran da nake gani a kan sababbin mahaya kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na zauna na rubuta su.

Sai ka fara sanin abin da ke cikin hular, wadda a nan muka fi kira kask. Rufi uku gare ta. Akwai ƙoƙon waje mai tauri, wanda ke baza ƙarfin bugu ya kuma zame a kan kwalta. Akwai laushin ciki da ke taɓa fatarka, wannan don jin daɗi ne da riƙe kai. A tsakaninsu akwai farin soso mai tauri, dangin wanda ake kare sabon talabijin da shi a cikin kwali, amma ya fi shi danƙarewa. Shi ne ran hular. Idan kai ya bugi ƙasa, wannan soson ne ke murƙushewa ya shanye bugun, don kada ƙwaƙwalwa ta daki ƙoƙon kai da cikakken ƙarfi. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambatawa sun nuna hular kwano ta ƙwarai, da aka sa yadda ya kamata, tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Wadda ba ta da farin soson nan ba ta cikin wannan lissafi.

Kuskure na farko daga niyya yake farawa: sayen hula don jandarma da 'yan sanda. Mai wannan niyya duk abin da ya yi kama da hula ya ishe shi. Wani ya kifa ta magina, wadda aka yi don tare dutsen da zai faɗo daga sama, ba don kan da ke tafe da gudu ya haɗu da kwalta ba. Wani ya sayi 'yar ƙaramar nan mai kama da rabin ƙwarya, da ta bar kunne da ƙeya a waje. Maƙwabtanmu na Njamena sun ga yadda abin ke kasancewa a watan Maris na 2015, lokacin da aka tilasta sa hular: farashi ya yi tashin gwauron zabi, ɗalibai suka fito zanga-zanga, har aka rufe makarantu. Duk inda tsoron tara ne ya kai mutum kasuwa, mafi araha zai ɗauko. Gyaran shi ne kafin ka taɓa kowace hula ka tambayi kanka: in na faɗi yau a kan gadar Binuwai, wannan za ta tsaya mini?

Kuskure na biyu shi ne wanda na fi yi wa mutane uzuri a kansa, amma shi na fi tsoro. Zafi. Wanda bai zauna a Garwa ko Marwa ko Kusseri cikin Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ba zai gane dalilin da ya sa yaro ke gudun hula mai rufe fuska duka ba. Sai ya zaɓi buɗaɗɗiya, wadda masu shago ke kira jet, mai rufe sama da kunne da ƙeya ta bar fuska. Iska na shiga, ana shan ruwa ba sai an cire ba, ana gaisawa da mutane a gane ka. Duk gaskiya ne.

To amma ka lura da yadda sabon mahayi ke faɗuwa. Yawanci ba wata babbar mota ba ce. Yashi ne a kwana, ko akuya ta gitta, ko ɗan klando, wato ɗan acaɓa, ya tsaya kwatsam a gabansa don ɗaukar fasinja, shi kuma ya damƙe birkin gaba da ƙarfi. Tayar gaba ta zame, mutum ya tafi ta fuska. Wani mai binciken haɗurra a Hanoba ta ƙasar Jamus, Dietmar Otte, ya duba wuraren da hulunan waɗanda suka yi haɗari suka bugu, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na bugun a wajen haɓa yake. Daidai wurin da jet ba ta rufe ba ke nan. Na taɓa zuwa duba wani maƙwabcinmu da ya faɗi a hanyar Pitowa ranar kasuwa, sanye da buɗaɗɗiya. Kansa bai yi komai ba, alhamdu lillahi. Muƙamuƙinsa ne ya karye. An ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya, makonni yana zuƙar kunu ta tsinken roba, matarsa na tace masa shi sau biyu don kada gudaji ya toshe. Har yau idan yana magana bakinsa ba ya buɗewa sosai.

Saboda haka shawarata ga sabon mahayi ɗaya ce: mai rufe fuska duka, wadda ake kira antegiral. Zafin kuma a yi masa dabara maimakon a gudu. Ɗauki fara ko mai haske, don ba ta jan rana kamar baƙa, kuma direban tirela ya fi saurin hango ta da magariba. Duba ƙofofin iska na goshi da na haɓa da na baya, ka hura ka ji ko iska na wucewa, domin a wasu hulunan zane ne kawai aka yi, babu rami. Nemi wadda ake cire laushin cikinta a wanke. A cikin cunkoso ka ɗaga gilashin, in ka kama hanya ka sauke. Lokacin hunturu, da ƙura ta turnuƙe gari, kai da kanka za ka gode mata.

Akwai mai ɗagawa, wadda gabanta ke tashi sama gaba ɗaya. Tana da daɗi ga mai yawan tsayawa yana magana da mutane, sai dai ta fi nauyi, ta fi tsada, kuma in ta arha ce makullin haɓarta ba abin dogaro ba ne. Ba a tafiya da ita a ɗage sai idan an yi ta don haka. Ita kuwa mai dogon baki da rumfa a goshi, ta masu tseren daji ce. Tana da iska sosai, ta dace da mai bin hanyoyin ƙauye, amma sai an haɗa ta da tabaron ƙura, kuma a kan babbar hanyar Garwa zuwa Marwa iska kan kama rumfar ta riƙa fizgar wuya. In kuwa ka san ranka cewa antegiral a hannun babur za ta ƙare a rataye, to sayi jet ta ƙwarai ka riƙa sa ta kullum. Na fi son in ce maka haka da in yi maka ƙarya.

Sai batun girma, inda ko masu kuɗin sayen mai kyau ke yin asara. Mutum ya sa hula a shago, ya ji ta sake, ya ce wannan ta yi. Ba ta yi ba. Laushin ciki yana kwantawa bayan 'yan makonni, wadda ta sake yau gobe rawa za ta riƙa yi. Je wurin tela ya zagaya kanka da tef ɗin awo, kamar yatsa ɗaya ko biyu sama da gira, ta saman kunnuwa, ta inda ƙeya ta fi tudu. A yawancin kamfanoni santimita 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Lambar jagora ce kawai, dole ka gwada, don kawuna ba siffa ɗaya suke ba. Sabuwar hula za ta ɗan yi gardamar shiga, ta matse kumatu. Ka ɗaure madaurin, ka riƙe ta da hannu biyu ka juya hagu da dama: fatar goshi da kumatu su bi ta. In ita kaɗai ke juyawa, ta yi yawa. Sannan ka sa hannu ta baya ka tura ta sama zuwa gaba kamar za ka tuɓe ta. In ta fita, ajiye ta. Ka zauna da ita minti goma a shagon, ko mai shago ya ƙosa. Matsi ko'ina daidai ba laifi ba ne, amma in wuri ɗaya ne ke zafi a goshi ko gefen kai, canza wata.

Kada ka auna da hularka ta Juma'a a ciki. Na sha ganin wanda ya sayi babba don zanna ko damanga ta samu wuri. Sa ta a jaka, in ka isa masallaci ka fito da ita. Abin da ya halatta a ƙarƙashin hular kwano shi ne siririn ƙyalle mai tsotse gumi.

Yaya za ka gane ta ƙwarai? Juya madaurin. Hular da ta ci gwajin ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya, ECE 22, tana da ɗan farin ƙyalle a ɗinke a jikin madauri ko a ciki, da harafin E da lamba cikin da'ira. Lambar ta ƙasar da ta ba da shaidar ce: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya. Doguwar lambar da ke kusa tana farawa da 05, ko 06 a sababbi. Sai harafi: P na nufin an gwada kariyar haɓa, J buɗaɗɗiya ce, P/J mai ɗagawa ce da aka yarda a hau da ita a rufe ko a ɗage, NP kuwa tana da haɓa amma haɓar ba ta kariya. Alamar DOT ta Amurka a baya ake manna ta, kamfani ne da kansa ke shaidar hularsa, kuma ba wuya a buga irinta a manna wa jabu. Shi ma farin ƙyallen ana iya kwaikwayonsa, don haka hannunka ya taya idonka. Ɗaga laushin ka taɓa farin soson, ya kasance da kauri, ya zagaye ko'ina. Antegiral ta gaske tana kai kusan kilo ɗaya da rabi. Wadda ka ɗaga ka ji kamar kwanon sha, bar wa mai shago kayarsa.

Madauri kuma a ɗaure shi, ko zuwa sayen burodi ne a bakin layi. Yatsu biyu kawai za su shiga tsakaninsa da maƙogwaro. Hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa.

Gilashi mai duhu na rana ne, da dare makanta ne, musamman a titunan da ba fitila ga ramuka ga masu tura kura. Sabon mahayi ya tsaya a kan fari tas, in ya karce ya sauya shi, don karce na tarwatsa hasken fitilar mota a ido. A wanke shi da ruwa da sabulu, ba busasshen tsumma ba.

Hular gwanjo ban yarda da ita ba. Farin soson sau ɗaya yake aiki, in ya murƙushe ba ya dawowa, kuma daga waje ba za ka gani ba. Haka taka in ta taɓa bugun ƙasa da kanka a ciki, ta gama aikinta. Ko ba ta faɗi ba, masu ƙera su kan ce a sauya bayan shekara biyar. Ka nisanta ta da fetur, domin yana narkar da soson. Mu da ke shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, kada a kifa hula a kan tanki ana zuba mai. Kada a yi mata fenti, kada a bar ta ta yini a rana a kan sirdi.

Da muka koma kasuwa da yaron, sai a shago na huɗu muka samu. Fara ce, M, da E a madauri da P a ƙarshen lamba. Kuɗinta ya ci abin da ya tara don sa wa babur ɗin ƙarin fitilu da kwalliya, ya ɗan ɓata rai, ya biya. Muna fitowa ya ce, "Baffa, to idan zan kai Inna asibiti fa, ita me za ta sa?" Na ce ya fara kai ta wurin tela a auna kanta ba tare da ɗaurin ɗankwali ba, ƙarshen wata ni zan cika masa kuɗin ta biyu.