Yadda Ake Tallata Badujalar Drum Corps ga Matasa: Kiran Ɗan Kallo Daban, Kiran Ɗan Fili Daban

Abin da ake kira drum corps a Amurka ƙungiyoyin badujala ne na matasa masu zaman kansu, waɗanda ke haɗa masu busa ƙahonin tagulla da makaɗa ganguna da masu wasa da tutoci, su yi wasan kusan minti 11 a filin ƙwallon ƙafar Amurka, suna kiɗa suna sauya sahu a guje, alƙalai na ba su maki. Tsofaffin ƙungiyoyin sun taso ne a hannun ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da majami'u da 'yan sikawut, amma tun 1972 hukumar Drum Corps International, wadda aka fi sani da DCI, ke shirya babbar gasarsu, kuma tun 2009 ake yin wasan ƙarshe a filin Lucas Oil da ke birnin Indianapolis cikin watan Agusta. Wannan bayani na waɗanda aka ɗora wa nauyin tallata irin wannan ƙungiya ne, kuma zancen da nake so ya zauna musu shi ne cewa matashin da ake so ya sayi tikiti da matashin da ake so ya shiga sahu mutane biyu ne, ko da kuwa a aji ɗaya suke zaune, don haka ba a yi musu kira da murya ɗaya.

A fara da lissafi, domin shi ne zai nuna inda ya kamata ƙarfin talla ya karkata. Dokar DCI ba ta yarda ƙungiya ta fito da fiye da mutum 165 a fili ba, kuma ƙungiyoyi 12 kaɗai ke kaiwa daren ƙarshe, wato guraben da kowane yaro ke mafarkin samu ba su kai 2,000 ba. Ga kuma iyakar shekaru, domin da zarar mutum ya haura 21 ya gama, sai ɗan sassaucin da ake yi wa wanda ya cika 22 ana cikin kakar wasa. Kujerar kallo kuwa ba ta tambayar shekaru, ba ta tantance kowa, kuma a wancan dare na Indianapolis mutane fiye da 20,000 ke zama a kanta. Duk da haka, idan aka duba abin da ƙungiyoyi da yawa ke wallafawa daga Satumba zuwa Janairu, za a tarar kusan duka kiran zuwa tantancewar masu neman gurbi ne. Yarinyar da ba ta da kuɗin tafiya, da yaron da aka gwada bai samu gurbi ba, abin da suke ji a cikin wannan kira shi ne harkar ba tasu ba ce. A ganina nan ne asara mafi girma take, domin ɗan sahu yana yin shekara biyu ko uku ya tafi, ɗan kallo kuwa yana iya yin shekara 40 yana sayen tikiti da riguna, yana ba da gudummawa, daga baya ma ya kawo 'ya'yansa.

Idan 'yan kallo ake nema, wurin da za a fara dosa shi ne ajin badujala na makarantun sakandare, inda dubban ɗalibai suka riga suka san wahalar riƙe sahu da kiɗa a lokaci guda, ba sai an yi musu dogon bayani ba. A cikinsu akwai wani rukuni da ake yawan mantawa da shi, wato masu busa sarewa da kilarinet da saksafon. Sahun masu busa a babbar gasar DCI ba ya amfani da waɗannan kayan busa, saboda haka ɗalibin da ya ƙware a kansu ba shi da gurbi sai ya koma ya koyi ƙaho ko tuta, kuma yawancinsu ba za su koma ba. Waɗannan su ne 'yan kallo na asali, masu kunnen da ke gane busa mai kyau, kuma ya kamata a yi musu magana kai tsaye ba tare da an ambaci tantancewa ko sau ɗaya ba. Mabuɗin ajin yana hannun malamin badujala, don haka a tuntuɓe shi tun kafin a tashi hutun bazara, a ba shi rangwamen tikitin rukuni, a taimaka masa da batun mota, domin ɗan shekara 15 ba ya tuƙa kansa zuwa wani gari da dare. Sau da yawa abin da ke hana yaro zuwa kallo ba rashin sha'awa ba ne, rashin wanda zai kai shi ne.

Gani ya kori ji, kuma a wannan harka ji da kunne a fili ya kori duk wani bidiyo. Babu lasifikar waya da za ta iya ɗaukar abin da ke faruwa sa'ad da masu ƙaho 70 ko 80 suka juyo gaba ɗaya suka saki sauti, har mutum ya ji bencin da yake zaune a kai yana rawa, iskar kuma ta doki ƙirjinsa. Saboda haka gajerun bidiyoyin da ake sakawa a TikTok da Instagram da YouTube aikinsu ɗaya ne, su sa yaro ya so zuwa ya ji da kansa, kuma kowannensu ya ƙare da ranar wasa da sunan gari. Kallon kai tsaye ta shafin intanet na FloMarching yana da amfani ga wanda ya riga ya kamu, amma da wuya ya kama sabon mutum.

Ranar wasa kuma kada a bar baƙin matasa su wuce kai tsaye zuwa kujerunsu. A tura wani ya kai su wajen filin, gefen da ake ajiye motoci, inda ƙungiyoyi ke ɗumama jiki kafin su shiga. A can ne yaro zai tsaya taku biyar daga layin masu ƙananan ganguna, ya ga sanduna na tashi suna sauka tare kamar hannu ɗaya ne ke riƙe da su, ya ga gumi na ɗiga daga haɓar wanda bai girme shi da shekara uku ba, ya ji malami ya ce a sake, a sake, a kan jimlar kiɗan da ba ta wuce daƙiƙa takwas ba. Na fi yarda da wannan rabin sa'a fiye da duk wata takardar talla, kuma ba ta cin ko sisi. Bayan haka a ba shi abin da zai riƙe, domin mai kallo ba ya zama mai goyon baya sai ya zaɓi ɓangare. A gaya masa cewa Blue Devils ta garin Concord a Kalifoniya ta fi kowa yawan lashe kambu, cewa Bluecoats ta Canton a jihar Ohio ta ci nata na farko a 2016 da salon da ya sauya yadda ake shirya wasa, cewa Phantom Regiment ta Rockford an san ta da kiɗan gargajiyar Turai mai ratsa zuciya. A koya masa yadda ake raba maki 100 tsakanin tasirin wasa gaba ɗaya da abin da ido ke gani da kiɗa, domin wanda ya iya karanta takardar maki ya samu abin musu da abokansa har ƙarshen bazara.

Kiran ɗan sahu kuwa wani abu ne dabam, kuma gaskiya ita ce jarinsa. Wanda zai shiga babbar ƙungiya zai fara tantancewa a wajejen Nuwamba, ya riƙa zuwa sansanin ƙarshen mako a lokacin sanyi, ya tare gaba ɗaya a watan Mayu don atisayen da ke cin yini guda kullum, sannan ya shafe makonni yana kwana a cikin bas ko a ƙasan ɗakin motsa jiki na wata makaranta, yana cin abincin da aka dafa a motar girki. Kuɗin shiga dubban daloli ne, ban da kuɗin jirgi zuwa sansani, ban da aikin hutun da zai rasa. Duk wannan a rubuta shi a fili tun a shafin farko, da jimillar kuɗin da ranakun biya da hanyoyin neman tallafi, domin yaron da aka ɓoye wa farashi zai janye a watan Maris, ya bar gurbi a buɗe, ya kuma tafi da ɗacin da zai hana shi dawowa ko kallo.

A tuna kuma cewa wannan talla ba yaron kaɗai ke karanta ta ba, iyayensa ne za su sa hannu. Su tambayoyinsu daban ne: wa ke kula da lafiyarsa a cikin zafin Yuli, awa nawa yake barci, an binciki tarihin malamai da masu aikin sa kai, kuma wa zai kai wa ƙara idan wani babba ya ci zarafinsa. Tun bayan abin kunyar da ya fito a 2018 game da cin zarafi a wannan harka, iyaye na da cikakken haƙƙin yin waɗannan tambayoyi, kuma ƙungiyar da ta amsa su a rubuce kafin a tambaye ta ta fi wadda ta cika shafinta da hotunan kofuna.

Kada kuma a nuna wa matashi ƙofa ɗaya tak. Ƙungiyoyin rukunin Open Class, wato rukunin da ke ƙasa da na manyan ƙungiyoyi, sun fi sauƙin kuɗi da gajartar tafiya, shirin SoundSport da DCI ta ƙaddamar a 2013 yana karɓar ƙananan ƙungiyoyi da kowane irin kayan kiɗa, kuma daga 2024 akwai rukunin da ba shi da iyakar shekaru a ƙarƙashin DCI, wanda yawanci a ƙarshen mako ake yinsa. Babbar ƙungiyar da ta tura yaron da bai kai ba zuwa ɗaya daga cikin waɗannan ba ta yi asara ba, domin mai yiwuwa ya dawo mata baɗi da ƙwarewa.

Wurin da hanyoyin biyu ke haɗuwa shi ne ranar da aka ce wa yaro bai samu gurbi ba, kuma nan ne na fi so a yi hattara. Masu zuwa tantancewa a manyan ƙungiyoyi sun ninka guraben da ake da su, kuma waɗanda aka sallama su ne mutanen da suka fi kowa son ƙungiyar, tunda sun kashe kuɗinsu sun yi tafiya don ita. Kada saƙon sallama ya zama magana ta ƙarshe da za su ji. A aika musu da bayanin abin da za su gyara, a ba su rangwamen tikiti a wasan da ya fi kusa da garinsu, a gayyace su kallon atisaye, a kuma ajiye sunayensu a jerin da ya bambanta da na masu neman gurbi, yadda saƙon da zai iso musu a watan Yuni zai zama gayyata zuwa kallo ba tunin abin da suka rasa ba. Haka za a yi wa waɗanda shekarunsu suka ƙare: kafin su sauka daga bas na ƙarshe a Agusta, a karɓi adireshinsu, a kuma sanar da su ranar wasan gida na shekara mai zuwa da ɓangaren kujerun da aka ware wa tsofaffin 'yan ƙungiya.