Yadda Ake Fara Cin Sushi Ga Wanda Bai Taɓa Ɗanɗana Ɗanyen Kifi Ba

Wanda ya tashi da bandar kifi a miyar kuka da soyayyen karfasa mai yaji, da zarar an ce masa ɗanyen kifi sai zuciyarsa ta tashi. Shi ya sa mutanenmu da yawa da karatu ko kasuwanci ya kai su Japan, ko Dubai, ko Malesiya suke wuce shagon sushi ba su ko waiwaya ba. Abin yana damuna, domin abincin Japanawa ne mai tsabta da daɗi in aka shige shi ta ƙofar da ta dace.

Ka fara da sanin cewa sushi ba ɗanyen kifi yake nufi ba. Shinkafa ce mai danƙo da aka cuɗa da ruwan khal da sukari da gishiri, sai a ɗora mata wani abu ko a naɗe shi a ciki. Yankan ɗanyen kifi zalla, babu shinkafa, sunansa sashimi. Idan an dunƙule shinkafar kamar ƙaramar loma aka shimfiɗa mata yanka guda, nigiri ke nan, salon da ya yi fice a birnin Edo, Tokyo ta yau, a shekarun 1820. Idan kuma an naɗe ta cikin busasshen ganyen teku aka yayyanka, maki ke nan.

Mataki na farko shi ne zaɓen wuri, kuma nan ne ba a sassauci. Kifin teku kan ɗauki wata tsutsa mai suna anisakis wadda take haddasa matsanancin ciwon ciki da amai. Lemun tsami ko gishiri ba sa kashe ta, sai wuta ko sanyi mai tsanani. Hukumar abinci ta Amurka ta ba da shawarar a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius na kwana 7, ko 35 ƙasa da sifiri na awa 15. Ba kowace firizar gida ce take kai wannan ba. Don haka ka nemi shagon da sushi ne sana'arsa, mai yawan masu shige da fice, inda kifi ba ya daɗewa a kan kanta. Da ka shiga, hancinka zai gaya maka gaskiya: kifi mai kyau ba ya ƙarni. In ka ji ƙarni, juya kawai. Kada kuma ka gwada da tarwada ko karfasa ko giwan ruwa a gida. Kifin kogi da na tafki sun fi na teku hatsari in ba a dafa ba. Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da dattijo mai rauni, da wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, su tsaya a kan dafaffe.

Kafin ka yi oda, Musulmi ya tambayi abu guda: ko an sa mirin, wani ruwan girki mai zaƙi, ko barasar shinkafa da suke kira "sake", a shinkafar ko a romon. Dukansu akwai giya a ciki, kuma baƙin romo mai zaƙi da ake shafa wa gasasshen kifin unagi yawanci da mirin ake haɗa shi. A Malesiya da Dubai samun shago mai shaidar halal ba wuya.

Sai ka fara da abin da ya ga wuta, ko wanda babu kifi a ciki sam. Kappa maki kokwamba ce kawai a cikin shinkafa. Tamago wainar ƙwai ce mai ɗan zaƙi. Ebi kuwa dafaffen jatan lande ne. Waɗannan za su saba wa harshenka da tsamin shinkafar da ƙamshin ganyen teku. Daga nan ka karɓi nigiri biyu na kifin salmon, domin shi ya fi taushi da rashin ƙarfin ɗanɗano. Su kansu Japanawa ba su cika cin sa ɗanye ba sai da 'yan Norway suka yi ta tallata musu nasu na kiwo tun daga shekarun 1980. Bayansa ka gwada jan naman tuna, wanda suke kira maguro. Ka bar ƙwan kifi da octopus, dabbar teku mai hannaye takwas, zuwa wani jiƙon.

Wajen ci, ba dole sai da tsinkayen cin abinci ba. Halal ne a al'adarsu ka ɗauki nigiri da yatsu uku, kamar yadda kake gutsurar tuwo. Zuba romon waken soya kaɗan a ɗan faranti, ka kifa lomar yadda kifin ne zai taɓa romon, ba shinkafar ba, in ba haka ba za ta jiƙe ta warwatse a hannunka. Ka sa ta duka a baki lokaci guda, kifin yana kan harshe. Abin da za ka fara ji shi ne sanyin kifin da ɗumin shinkafar, sai laushi kamar man shanu, babu ƙaya, babu ƙarni. Ka tauna a hankali.

Koren abin nan da ke gefe, wasabi, ka yi hattara da shi. Zafinsa ba irin na attaruhu ba ne da ke zama a baki. Hanci yake hawa, ya kawo hawaye, ya wuce cikin daƙiƙu kaɗan. Sau da yawa kukun ya riga ya shafa ɗan kaɗan tsakanin kifi da shinkafa, don haka ka ɗanɗana kafin ka ƙara. Siraran yankan cittar da ke kusa da shi, wadda suke kira gari, tsakanin loma da loma ake cin ta don wanke baki, ba a ɗora ta a kan kifin.

Loma shida zuwa takwas sun isa a ranar farko, ka bi su da koren shayi mai zafi. Abin da ya rage a faranti kuwa kada ka sa a ƙunshe maka. Ɗanyen kifi ba ya jure zaman mota ko jaka, balle a lokacin zafi.