Yadda nake koya wa yara darasin dainoso da lemo ɗaya da tire biyu

Idan a Jos kuke, ku bari sai Disamba ko Janairu, lokacin da yara ke shigowa aji da hular sanyi, leɓe a tsage, kowa ya cusa hannu a hammata. A irin wannan rana hunturu ya riga ya yi muku rabin bayani. Ni 'yan aji biyar na firamare nake koyarwa, kuma bana shekarata ta huɗu ina yin darasin nan na dainoso, wato wasu dabbobi da suka rayu a duniya miliyoyin shekaru da suka wuce.

Kayan aikin ba tsada: lemo ɗaya, tsinken tsire, tocila mai ƙarfi, tire biyu, laka, yashi, igiya da gwangwanin shinkafa.

Ku fara da lemon. Ku soke shi da tsinke daga sama har ƙasa, ku ɗiga alama da biro dab da inda tsinken ya fito ta sama. A rufe tagogi, yaro ɗaya ya tsaya da tocila a tsakiyar aji, shi ne rana. Ku karkata tsinken yadda kansa zai kauce wa tocilar, don duniya ma a karkace take da digiri 23 da rabi, sannan ku murza lemon a hankali. Cikinsa zai dinga shiga haske yana fita, dare da rana ke nan, amma ɗigon nan na sama ba zai ga haske ba ko sau ɗaya. Kada ku faɗa musu, ku bari su gano da kansu. Bara wata yarinya ce ta fara lura, ta ce, "Malama, to su can yaushe gari ke waye musu?" Da tambayar nan ta fito, sai ku jawo tiren farko.

Tiren nan shi ne arewacin Alaska, can kusa da ƙurewar arewacin duniya kamar ɗigon nan na kan lemo, shekara miliyan 70 da suka wuce. Nan na taɓa kwafsawa. Shekarar farko na cika tiren da ƙanƙara da auduga, kafin a tashi tara ƙanƙarar ta narke ta jiƙa littattafan 'yan bencin gaba, ga shi kuma abin da na nuna ba daidai ba ne. A wancan zamani duniya ta fi yanzu ɗumi, wurin daji ne mai koguna, matsakaicin zafinsa a shekara kusan digiri 6 a ma'aunin Celsius. Don haka laka za ku shimfiɗa, ku kakkafa rassan itacen nan mai ganye kamar allura da ake ado da shi lokacin Kirsimeti. Sanyi akwai shi, amma babbar wahalar duhu ce, kusan wata huɗu rana ba ta leƙowa. Ku kifa kwali a kan tiren, ku huda ƙaramin rami yara su leƙa. A cikin wannan duhu Nanuqsaurus ya rayu, wani dainoso mai cin nama da aka raɗa wa suna a 2014, ɗan uwan ƙaton dainoson nan Tyrannosaurus. A bakin kogin Colville na can Alaska an tono ƙasusuwa da haƙoran jariran dainoso, alamar can suke ƙyanƙyasa, ba ci-rani suke zuwa ba. Idan akwai lokaci ku ambaci Cryolophosaurus, wani dainoso mai tukku, da aka tono a dutsen Kirkpatrick na Antatika a 1991.

Tire na biyu ya fi daɗi, don na gida ne. Ku fara da busasshen yashi zalla, ku ce ga Gadufawa a hamadar Tenere ta Nijar. Sannan ku ja layi da yatsa, ku tsiyaya ruwa, ku dasa ɗanyen ganye gefe da gefe: haka wurin yake shekara kusan miliyan 110 baya, ƙasar zafi mai manyan koguna. Suchomimus mai dogon baki irin na kada yana kamun kifi, Nigersaurus kuma, wanda masanin ƙasusuwan dainoso Paul Sereno da abokan aikinsa suka sa wa suna a 1999, yana kiwo kansa a ƙasa, bakinsa da faɗi kamar shebur. Haƙoransa sun kai 500. Lambar kawai ba ta shiga kan yaro, sai ku sa su irga ƙwayar shinkafa 32 na bakin babban mutum, a gefe kuma su tara 500. Tsawonsa mita 9, ku auna da igiya a fili su kwanta a jere. Nawa yara bakwai suka cika ta. Ku liƙa wa kowane tire takardar shekarunsa, kada su ɗauka dabbobin sun yi zamani ɗaya.

Ku shirya wa abin da zai biyo baya: mazan za su so haƙa bayan aji. Ku gaya musu duwatsun Jos daga narkakken dutse suka daskare, kuza ake samu a nan, ba ƙashi ba. Mai neman ƙashi sai ya nufi wajen Goronyo a jihar Sakkwato, inda teku ya taɓa kwanciya, aka tono Goronyosaurus, wanda shi ma ba dainoso ba ne, wani ƙaton dangin ƙadangare ne na ruwa. Duk da haka ku ce wa maigadi ya ɓoye fartanyarsa na kwana biyu.